Kunnen da Inna ta zaɓa

Yamai, daren Talata, cikin damina

Yau dai an ba ciwon suna. Likita bature ya ɗaga hoton kaina a hasken taga ya nuna mini: ƙari ne a gindin ƙoƙon kai, can inda jijiyar kunne ke wucewa. Shi ya kashe mini kunnen hagu, shi ne jirin da ke ɗibata a biro, wurin aikina. Ya ce ba kasafai ake ganin irinsa ba, kuma a nan ba mai iya taɓa shi, sai Dakar. Jirgi jibi. Na tambaye shi ko ana dawowa, ya ce wasu suna dawowa. Na ji daɗi da bai yi mini ƙarya ba.

Inna ta iso daga Maraɗi da la'asar. Ni ne ɗan farinta, don haka tun da ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, sai "wancan". Ko yau sai ta tambayi matata Hadiza, "Ya jikin maigidanki?" alhali ina zaune a gabanta.

Bayan isha'i na kwanta rigingine na rufe ido. Na ji tana tambayar Hadiza a hankali wane kunne ne ya mutu. Hadiza ta ce na hagu. Inna ta matso, ta duƙa a kaina, ta raɗa, "Issufu. Allah ya maido mini kai."

Hagunta ta bi, ba nawa ba, sai ta faɗa a kunnen da ke ji. Ban motsa ba, kar in ba ta kunya. Da wannan guzurin zan tafi Dakar.