Furfurar Inna a Kan Jirgin Yaƙi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can tsakiyar teku. Allah ya tsare ku, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan kalau muke, ɗan Anti har ya fara rarrafe.

Yaya, albishirinka! Ka san tun da ciwon nan ya taɓa hannun Baba na dama ya rufe shagon gyaran agogo, ya koma zaman tsakar gida shiru kamar baƙo. To, hoton jirgin yaƙinku da ka aiko shi ya tashe shi. Ya zauna ya sassaƙa irinsa da katako da gwangwani, bai fi tsawon tafin hannu ba, har da 'yan bindigogi na tsinken ashana. Komai ya tafi daidai sai da ya zo kan eriya, 'yan wayoyin nan da aka ɗaura tsakanin sanduna biyu a saman jirgin. Na ce ya bar su mana, wa zai lura? Ya harare ni ta saman tabarau, ya ce ai ɗansa a ɗakin rediyo yake aiki, jirgin da ba eriya kurma ne.

Nan fa gida ya rikice. Ya warware wayar tsohuwar rediyo ya zaro silin tagulla, ya ɗora, ya ce silin ya yi kauri kamar taɓarya. Ya aske buroshin goge bakina, gashin ya yi gajarta. Har kyanwar gidanmu ya fara yi wa kallon gashin baki, yanzu ko inuwarsa ta gani sai ta haye katanga. Abin da ya fi ba ni tausayi, da ya ɗauki hantsaki sai hannun ya kama rawa, gam ya ɗiga inda ba a so. Ranar Talata ya rufe akwatin kayan aikinsa, ya ce idan eriyar nan ta gagare shi, a kai wa maƙwabci akwatin kyauta, shi da aikin hannu har abada. Kuma wallahi na san Baba ba ya magana biyu.

Ashe rashin sani ne, kaza ta kwana kan dami. Ka san Inna da cika bakin cewa ita ba ta da furfura ko ɗaya. Sai ga ta ta zame ɗankwali, ta tsinko sili fari tas, dogo, ta miƙa masa, ta ce ya gwada wannan amma kada ya sake ya yi mata dariya. Ta zauna gefensa ta riƙe masa tsintsiyar hannu da hannayenta biyu. Ya maƙala gilashinsa na gyaran agogo a ido, ya ɗauke numfashi, mu ma muka ɗauke. Silin ya hau, ya miƙe sambal daga sanda zuwa sanda! Na yi ihu har Anti ta fito da gudu ba takalmi. Baba ya ce lallai da tsohuwar zuma ake magani, Inna ta ce wa yake kira tsohuwa. Ni kuwa kuka na yi, ba zan ɓoye maka ba.

Akwati dai yana nan ba inda ya je. Yau da safe ma ya sa na sauko masa da agogon bangon nan da ya daɗe a mace. Na roƙe shi in aiko maka da jirgin, ya ce a'a, furfurar uwarka ba ta shiga akwatin gidan waya, sai ka zo da ƙafarka ka gani.

Inna tana gaishe ka, ta ce kada in faɗa maka komai. Anti da mijinta da Kawu duk suna gaisuwa. Ka nemi hutu, Yaya, jirginka yana kan tebur yana jiranka.

Taka har kullum,
Autar gida