Furar Inna da Idon Hajiya

Zuwa ga mahaifiyata, Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. A makaranta an koya mana cewa bayan gaisuwa sai a faɗi dalilin rubuta wasiƙa. Dalilina shi ne wani abu ya faru a gidan Inna, mahaifiyarki, kuma ke kaɗai nake iya ba wa labari ba tare da na sunkuyar da kai ba. Na san waɗansu ne za su karanta, amma da ke nake.

Shekara biyu ke nan da tafiyarki. Ina aji biyar yanzu. Baba yana lafiya, yana fita kasuwa. Mahaifiyarsa ce, Hajiya, ba ta jin daɗi.

Bayan ƙaramar salla ta fara yawan shan ruwa da yawan zagayawa. Wata safiya ta miƙo mini Alƙur'aninta, ta ce in duba ko rubutun ne ya koɗe. Rubutun lafiyarsa lau, Umma. Idonta ne. Baba ya kai ta asibiti, aka ce ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Likita ta ba ta magani, ta ce magani kaɗai ba zai riƙe shi ba, sai ta rage tuwo da shinkafa da kayan fulawa, ta bar zaƙi, ta riƙa tafiya da ƙafa kullum. Ta ce idan sugan bai sauka ba idon zai ci gaba da tafiya, kuma abin da ya tafi ba lallai ya dawo ba.

Ni na karɓi tukunyarta. Kin san gidanmu, gidan alkaki da gurasa ne, shayinmu kuwa sai ya yi kauri don suga. Yanzu kwaɗon zogale nake yi mata da ƙuli, da dafaffen ƙwai, da kifi. Idan tuwo ne, miyar kuɓewa ce take cika kwanon, malmalar kuwa ba ta fi tafin hannuna ba. A langarki mai shuɗin murfi nake zuba mata. Duk sanda ta buɗe sai ta ce, "Ƙawata, akuya kika mayar da ni?" Amma tana ci.

Tafiyar ce ta gagara. Hajiya ta ce mace kamarta ba za ta riƙa yawo a lungunan Mandawari babu inda za ta ba, sai a ce ta yi faɗa da ɗanta ko ta zautu. Ta gwada zagaya rijiyar tsakar gida, jiri ya ɗebe ta. Baba ne ya kawo shawara, ya ce ai zumunci ba yawo ba ne. Daga nan kullum da yamma, idan na taso daga Islamiyya, sai in riƙe mata jaka mu tafi gaida 'yan uwa, yau nan cikin unguwa, gobe Dukawuya.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne abin da yake jiran baƙo a kowane gida. Kafin mu gama gaisawa an dire lemon kwalba, ko kunun zaƙi, ko farantin alkaki. Hajiya ba ta taɓa shiga gidan mutum ta ƙi abinsa ba. Ta kuma ja mini kunne kada in faɗa wa kowa lalurarta, wai ba ta son tallar ciwo. Haka za mu sha tafiya, ta sha lemo, mu dawo. Da safe idan na tsikari yatsanta, na'urar gwaji ta nuna sugan ya ƙara hawa. Baba ya fara tambaya ko girkina ne. Na yi shiru. Kin san ni.

Sai na yi wata dabara, wadda da kina nan da kin yi mini dariya har da hawaye. Da zarar matar gida ta fita, sai in ɗauki kofin Hajiya in shanye da sauri, in ajiye a gabanta. Matar gida ta dawo ta ga wayam, ta ji daɗi, ta ƙaro. Wata rana na sha kofi biyar a gida biyu. Na yi ta ciwon ciki, siket ɗin makaranta ma ya fara matse ni.

A gidan Inna dabarar ba ta ci ba. Da kina nan ke kike kai ni Ƙofar Mazugal duk Juma'a. Bayan rasuwarki zuwan ya yi ta raguwa har ya kusa tsayawa, sai wannan tafiya ta Hajiya ta dawo da shi. Muna hawa keke mai ƙafa uku zuwa rabin hanya, mu ƙarasa da ƙafa. Inna kuwa ba ta fita ta ba mu wuri. Za ta dama fura a madafi, ta zuba suga, ta kawo ƙwaryar, ta zauna tana kallo har sai an ga ƙasanta. Na roƙi Hajiya ta ce ta ƙoshi. Ta ce, "Idan na ƙi furarta, za ta ce don babu 'yarta ne."

Ban iya musa mata ba, Umma. Ke ce 'yar farin Inna, ban taɓa jin sunanki a bakinta ba. Ko a zaman makoki ban ga hawayenta ba, fura kawai take ta damawa ana miƙa wa masu gaisuwa. Na daɗe da gane cewa abin da ba za ta faɗa ba, a cikin ƙwaryar nan take zuba shi.

Ina tuna yadda kike yi a gidan. Ba kya zama a ɗaki. Madafi kike wucewa, ki jingina da ƙofa, ki ce, "Inna, rage mini sugan nan, ko so kike haƙorana su zube?" Ita kuma ba ta juyowa, sai ta ce ki fice mata daga nan. Amma tana ragewa.

Juma'a uku da suka wuce, da hantsi, Hajiya ta ce in karanta mata Suratul Kahfi ita kuma ta bi da yatsa. Ina karantawa ina satar kallonta. Yatsan nata yana kan wani layi daban, yana tafiya a hankali, ba ta sani ba.

Da yamma muka je gidan Inna, da ta tashi za ta dama fura, sai na bi ta. Na tsaya a ƙofar madafin. Ta ba ni baya, tana murƙushe furar da ludayi. Na jingina da ƙofar. Na ce, "Inna, kada ki sa wa Hajiya suga, kada ki sa fura. Nonon zalla za ki ba ta. Ciwon suga gare ta, idonta ne zai tafi."

Ludayin ya tsaya. Ba ta juyo ba. Na jira har na gaji, na koma ɗaki. Can sai ga ta da kindirmo zalla. Ta ajiye, ta zauna nesa, har muka tashi ba ta yi magana ba, ba ta kuma raka mu ko zaure ba. Hajiya ta gane abin da na yi. Daga Ƙofar Mazugal har gida ba ta kira ni ƙawata ba.

Satin nan ban san me aka koyar a aji ba. Na saɓa wa Hajiya, na kuma ɗauka na yanke hanyar gidanku da bakina, ni da ba na magana. Na riƙa tunanin da ke ce kika faɗa, da an yi dariya an wuce.

Da Juma'a ta zagayo, Hajiya ta yafa mayafi ta ce in taso, ko korar mu za a yi gara mu je a kore mu. Muka tarar da kindirmo, da kwaɗon rama, da dafaffen ƙwan zabi a rufe da faifai. Inna ta dubi Hajiya ta ce, "Ashe ni bare ce, Hajiya? Wata nawa ina ba ki abin da zai cuce ki da hannuna?" Hajiya ta sunkuyar da kai kamar yarinya. Daga baya suka yi ta hira, har Inna ta ce za ta aika wa sauran gidajen, ta ga mai sake dire mata lemo.

Da za mu tafi ta ɗauko mayafinta, wai za ta taka mana. Ta raka mu har muka wuce inda muke hawa keke. Hajiya ta ce ba za ta bar ta ta koma ita kaɗai ba, muka juya muka raka ta. Ita ma ta sake juyowa. Tsofaffi biyu suna ta raka juna, masu shago suna kallo. Ranar Hajiya ta yi tafiyar da ba ta taɓa yi ba, ba ta kuma ce ta gaji ba.

A rabuwar ƙarshe Inna ta riƙe hannuna. Ba ni take kallo ba, titi take kallo. Ta ce, "Ran nan da kika yi magana a bayana, na ɗauka ita ce." Ta sake ni, ta tafi.

Umma, ashe ba fushi ta yi ba.

Sugan Hajiya yana sauka a hankali. Idon bai dawo yadda yake ba, amma likita ta ce mu riƙe abin da muke yi. Jiya yatsanta yana kan layin da nake karantawa.

Ni kuma idan babu kowa a madafi, nakan jingina da ƙofa in maimaita maganar, ko zan ji abin da Inna ta ji. Ban ji ba tukuna. Muryata kawai nake ji. Amma na rage yin shiru, don ban san ranar da za ki sake fitowa ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya bar wa Hajiya ganinta, Ya bar mana Inna. Ya haɗa mu a inda zan zauna in yi shiru, ke ki yi ta magana.

Wassalam.

Autarki,
Nana