Alawar Kwalbati

Kurmin Mashi, Kaduna

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarki da ta mutanen Zariya, ina sanar da ke, cikin alhini, cewa takalmina na ƙafar hagu ya yi tafiyar da ba dawowa. Ruwan ranar Talata ne ya wuce da shi a bakin karyayyen kwalbatin layinmu. Ya bar ɗan'uwansa na dama, da ni.

Ruwan ya sake shigo mana gida. Ya jiƙa buhun shinkafa, ya hau kantar littattafaina ya karanta na ƙasa duka. In ba a gyara kwalbatin nan ba, daminar baɗi sai dai mu tashi daga gidan da Baba ya bar mana.

Dama ɗaya ce. Kansilanmu, Honorabul Mubarak, zai zauna da jama'ar mazaɓa ranar Asabar ta sama, aikin da mafi rinjaye suka zaɓa shi zai kai a sa a kasafin ƙaramar hukuma. Bara 'yan tsiraru muka je, duk maza. Muka yi ta jero gaisuwar manyan baƙi har aka kira magariba, ya tafi ya rubuta cewa jama'a ba su da ƙorafi.

Bana, a matsayina na sakataren ƙungiyar unguwa, na rubuta gayyata shafi biyu, har da jawo sassan tsarin mulki. An karanta a masallaci. Wasu sun gyaɗa kai, wasu sun gyangyaɗa. Na daɗe da sani: mutanenmu ba su san dimokuraɗiyya ba sai ranar rabon atamfa.

Matata Maman Ilham kuwa ta ce in bar mata mata. Ta sayo alawa da cingam tana ƙullawa a leda, wai gayyata ce. Na ce mata, baiwar Allah, taron mazaɓa ba suna ba ne. Ta ce in matsa, na zauna mata a kan ledoji.

A gaishe da Malam. Ƙaninki,
Sharhabil

Tudun Wada, Zariya

Sharhabil,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba na dama haƙuri.

Direban da ya kawo takardarka shi ya kawo mini ƙullin alawar matarka Na'ima. Alawar na fara buɗewa.

Kai da karatunka, ka taɓa tambaya me ya sa matarka ba ta zama gida ranar Asabar? Shekara nawa tana bin bikin mutane, daga Rigasa har Kawo, ta ɗaura zani ta yi wanke-wanke a gidan da ba nata ba? Wadda duk ta karɓi alawarta ta san ranar ramawa ce ta zo. In ta ƙi zuwa, ranar auren 'yarta sai ta ci tuwonta ita kaɗai. Sashe na nawa ne wannan a tsarin mulkinka?

Ni gwiwa ta hana ni, kuma ba ni da hannun ɗagawa a mazaɓarku. Amma ka tambaye ta wa ya tsaya a kan tukwane ranar bikin autar Hajiya Yalwa. In ba ka san Hajiya Yalwa ba, za ka sani.

Ka sayi takalmi kafin taro, kada ka kunyata mu.

Yayarka,
Hansai

Kurmin Mashi

Yaya,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. An yi taro.

Na shirya benci huɗu a ajin firamare, ina ganin har da ragi. Kafin la'asar mata sun cika ajin, sun cika baranda, sun cika gindin darbejiya, kowacce da anko shuɗi, wasu da kular abinci, don su ba sa zuwa taro hannu rabbana. Maza da suka ga gida ba kowa, ba abinci, sai suka biyo baya. Haka muka samu cikar jama'ar da tsarin mulki bai kawo mini ba.

Honorabul ya iso a makare kamar kullum. Na miƙe da jawabina, na kai ga gaisuwar mai unguwa ke nan, sai Nafisat mai ƙosai ta ce, "Malam Sakatare, mun gaisa da safe. Kwalbati." Na zauna.

Maza suka kawo buƙatar rumfar majalisa. Mata suka ce kwalbati. Aka ɗaga hannu. Ko mai rumfar, da matarsa ta waiwayo ta dube shi, hannu biyu ya ɗaga wa kwalbati.

Honorabul ya ce ya ji, za su duba, ya tattara babbar rigarsa. Sai wata dattijuwa mai anko a layin gaba ta ce, "Mubarak, zauna. Ba ka rubuta ba."

"Hajiya, ai wannan aikin hukuma ne…"

"To, hukuma ta ba ka biro ko in ara maka?"

Hajiya Yalwa ke nan, mahaifiyarsa, wadda Maman Ilham ta tsaya mata a kan tukwane ranar bikin autarta. Ya rubuta, ya sa hannu, ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Aka zaɓi mata uku da maza biyu su riƙa bin sawun maganar a sakatariya. Guɗa ta tashi, aka buɗe kuloli. Na ci dambu na mayar da jawabina aljihu.

Naki,
Sharhabil

Kurmin Mashi

Yaya,

Gaisuwa. Kwamitin mutum biyar sun yi ta sintiri har ma'aikatan sakatariya suka haddace sunayensu. An kafe kasafi, kwalbatinmu na ciki. Jiya aka sauke yashi. Gidan Baba ya tsira.

Sai dai yanzu an shiga ramawa. Matan Rafin Guza sun aiko da alawa, taronsu na rijiyar burtsatse ranar Asabar, na Rigasa kuma na tafe. Maman Ilham ta ce ni zan tuƙa su, har ta ɗinka mini hula da ragowar ankon.

Na ce mutanenmu ba su san dimokuraɗiyya ba. Ban yi daidai ba, Yaya; ni ne ban san yadda ake gayyatarsu ba. Ga alawarki nan a cikin ambulan, ni na ƙulla.

Ƙaninki,
Sharhabil