Tsutsar Saniya Ce Ko Ta Alade? Ku Faɗa Wa Gwallaga

Zuwa ga Mai Girma Shugaban masu bin diddigin cututtuka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar girmamawa, ni mahauci ne a Gwallaga, ina kan tukubar tsire tun gemuna yana baƙi. Ban yi boko ba, rubuta mini aka yi, amma maganar tawa ce.

Na ɗaya. Da ma'aikatanku suka zo unguwa binciken tsutsar ciki, ni na fara ba da bayan gida a auna. Sakamako ya fito da Turanci. Kamar yadda muke yi da kowace takarda, na kai majalisa bayan la'asar, maƙwabcina ya karanta ya fassara kowa na ji. Ashe an rubuta an ga ƙwan tsutsa, ko ta naman saniya ko ta naman alade. Ranka ya daɗe, kalmar ƙarshen nan kaɗai mutane suka tafi da ita gida.

Na biyu. Na koma wurin mai awon, baiwar Allah, ta ce a madubin awo ƙwan nan biyu kamarsu ɗaya, babu idon da zai raba su. Sai gwajin ƙwayoyin halitta, mai karanta asalin tsutsar kanta, shi kuma ba a yi mini ba. To, don Allah, abin da ba a tantance ba ake miƙa wa mahauci Musulmi a rubuce?

Na uku. Laifina na san shi: ɗanɗana nama kafin ya gasu. Amma wallahi alade ko a hanya ban taɓa kusantarsa ba. Na sha magani na warke, ciniki bai dawo ba. Babu wanda ya zage ni, sai dai sallama daga nesa. Ran sunan jikan aminina, wani aka kira ya feɗe ragon. Maiɗakina ta rasu, 'ya'ya suna nesa, majalisar nan ce iyalina. Kaɗaici ya ishe ni.

Roƙona biyu ne. A riƙa yin gwajin nan kafin a ba kowa takarda. Nawa kuma, in abin da na bayar yana ajiye, a auna shi, a rubuto da Hausa, a karanta a majalisar da aka karanta ta farko. Har yau ina shimfiɗa wa 'yan majalisar tabarma bayan la'asar, in naɗe ta da magariba ba wanda ya zauna.

Allah Ya kare maka sunanka, Ya hore maka abokan zama har tsufa.

Wassalam.
Mai tsire, Gwallaga, Bauchi.