Yaya Halima, Ki Bar wa Nusaiba Wayarta

Zuwa ga yayata Halima, a Alƙahira.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin maigidanki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Omdurman alhamdu lillahi, muna nan yadda kika bar mu.

Na san za ki ce me ya kai Safiya rubuta miki wasiƙa a inda kowa zai karanta. To, ke kika ja. Sau nawa nake buɗe baki a waya, kafin in kai ga maganar kin ce in miƙa wa wani ku gaisa? A nan dai babu wanda zan miƙa wa.

Maganar 'yarki Nusaiba ce, da wayar da kika aiko mata don karatu.

Imtihan ɗin gama sakandare ya matso, makarantarsu kuwa tun da aka fara yaƙin nan har yau ba ta koma daidai ba, malamai sun watse. Ustazar da ke koya musu kimiyya tana Bahri, ƙetaren kogi, daga can take turo darasi a guruf ɗin ajinsu na waya. Ta ɗauki bidiyon allo tana bayani, ta ba da aiki, yara su yi a takarda, su ɗauki hoto su mayar mata. Karatun ke nan yanzu. Shabaka, wato sabis ɗin waya, a gidanmu sai ta ga dama, wuta ma haka. Dole yarinyar nan ta taka har shagon bayan masallaci, inda ake da sola da intanet, ta bi layi a ba ta ɗan lokaci ta sauke darussa.

Ke kuma kin gano lokacin. Tana kunna waya, kiranki na bidiyo ya shigo.

Haba Yaya! Ya gida, ya zafi, ya Safiya, ya yara, ya ƙafar Baba Audu, akuyar maƙwabta ta haihu kuwa? Da a nan kika tsaya ma da sauƙi. Sai ki ce ta juya wayar ki ga su wa ke shagon, kuma duk unguwar nan babu wanda ba ki sani ba. Na je da kaina na gani, wallahi har kunya ta kama ni. Nusaiba tsaye da littafi a hammata, wayarta na hannun mai shayi, kuna ta ya hanya ya baƙunta. Lokacinta ya ƙare, ta dawo gida da rabin bidiyon da ya ƙi buɗewa.

Shekaranjiya ustaza ta yi gargaɗi. Duk wadda ba ta mayar da aikin wannan makon ba, za ta cire ta daga guruf ta ba wata gurbin, don masu jira suna da yawa. Sunan Nusaiba ta fara kira. Idan aka cire ta, ki faɗa min, wa zai koya mata kimiyya a gidan nan? Ni da ban wuce ɗinki ba?

Na ce wa Nusaiba ta gaya miki, ta sunkuyar da kai ta ce ita ba za ta iya kashe wa yummarta, uwar da ta haife ta, waya ba. Tarbiyyarki ce, ke kika koya mata ba a katse babba. Sai ta shiga ɗaki ta yi ta kuka a kan littafin.

Kin manta lokacin naki imtihan ɗin? Inna, Allah ya jiƙanta, ko gishiri ba ta bari a aike ki saye. Baƙi su zo, a ce ina Halima ta zo ta gaishe su, Inna ta ce, "Ku ƙyale ta, karatu take." Ni na sha aiken, har Kasuwar Libiya cikin rana, ina tafe ina gunaguni.

Ba cewa nake ban gane ba, Yaya. Ba akuyar maƙwabta ce ta dame ki ba. Kina can kina jinya, kina jin labaran garin nan, gabanki na faɗuwa, so kike ki ga fuskar 'yarki tana motsi. Ni ma uwa ce, da ni ce a can ƙila da na fi ki kira.

Amma na yanke hukunci. Daga gobe na hana ta ɗauka, in za ki yi fushi ki yi da ni. Ranar Juma'a ni zan raka ta shagon, ki gaisa da unguwar kaf, har mai shayin.

Saboda haka gobe wayar za ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Don Allah kada gabanki ya faɗi, kada ki kira maƙwabta kina kuka. Babu abin da ya same ta. Karatu take.

Allah ya ba maigidanki lafiya, ya ba Nusaiba sa'a, ya zaunar mana da ƙasar nan, ya dawo mana da ke ki gaisa da kowa baki da baki.

Ƙanwarki da kika gajiyar, take kuma kewarki,
Safiya