Ranar da Babur ɗin Baba Ya Tashi

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin maiɗakinka? Mu nan Safana lafiya lau.

Albishirinka, tsohon babur ɗin marigayi Baba ya tashi! Bakanike ya sa masa sabon fistan da kafireta, salansa mai rage ƙara ce kawai ba a samu ba. Ina buga kik sai ya yi tau! tau! Unguwa ta ɗauka ɓarayin daji ne. Kawu Sule, mai ciwon gwiwar nan, ya haure katanga ya faɗa gonar gero. Inna kaɗai ta zauna tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Ku dawo, babur ɗin Malam ne, na san tarinsa!"

Har yau Kawu ba ya amsa gaisuwata. Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara.

Ƙaninka,
Isiyaku