Baƙar Lakar Gulbi da Fuskar Hasiya

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Har jiya ni ma na ɗauka laka duk laka ce, ni da ke koyar da kimiyyar halittu a kwaleji. Ashe akwai yumɓu na masu tukwane, akwai jar ƙasa ta gini da yaɓe, akwai kuma wata baƙa wadda rabinta ba ƙasa ba ce, ciyawa da ganye ne suka ruɓe ƙarƙashin ruwa inda iska ba ta kai musu. Ita na wuni ina karantawa a wayata. A ƙasashen sanyi tana taruwa cikin fadamu shekaru aru-aru, da Faransanci tourbe suke ce mata. Har gidaje ake ginawa dominta, a ɗumama ta, a shafa wa mutum, ya kwanta. Sun ce tana riƙe ɗumi, tana sassauta ciwon gwiwa, tana kwantar da ƙaiƙayi, tana barin fata da laushi.

Mu nan Gidan Rumji ba mu da irin tasu sak. Amma gefen gulbi, inda ruwa ke kwanciya har bazara, na sha ganin wata baƙa mai warin ganye. Ƙanwarta ce dai.

Dalilin duk wannan karatu: kujerar Hasiya har yau babu kowa. Ita ce ta ɗaya a ajina, ga jarrabawar birebe, ta kammala kwaleji, na tahowa. Yara sun ce fuskarta ce ta lalace.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na tafi gidan Gwaggo Indo, inda Hasiya ke zaune tun da ta baro Sae Sabuwa don karatu. Ba ta fito ba. Ta bayan labule muka gaisa.

Gwaggo ce ta ba ni labari. Wata ’yar uwarsu ta kawo mata man ƙarin haske don kwalliyar ƙaramar Salla. Da fari ta yi jajir, kowa na yabawa. Sai ƙuraje, sai baƙin tabo-tabo a kumatu da goshi. Ranar da ta leƙo lakol, wato makaranta, da shi wani yaro ya ce mata damisa, aji ya kwashe da dariya. Shi ke nan.

“Madam, cewa ta yi gida za ta koma,” in ji Gwaggo. “Ubanta kuwa ba ya son ya ji. In ta koma, to ta koma ke nan, karatu ya ƙare, ni na san shi.”

Na ce ta labule, “Hasiya, ki ba ni wata ɗaya.” Ta ce, “Madam, ba ki gani ba ne.”

Gaskiya ne, ban gani ba.

Jumma’a, 11 ga Afrilu

Na biya gidan likita wajen Zulai, ƙawata tun muna ’yan makaranta, yanzu ita ce majo, shugabar ma’aikatan jinyar wurin. Na zazzage mata duk abin da na karanta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Sakina, ke dai da ɗoki. Laka ba ta goge tabo.” Na ce na sani. (Ban sani ba sosai.)

Ta ce a jefar da man nan tukuna, a kawo mata yarinyar ta duba ta. Laka kuma, in na nace, sai ƙurajen sun bushe. Ban da wurin da ke ruwa, ban da kusa da ido. A tafasa ta, don lakar gulbi ba ta rasa ƙwayar cuta. A fara gwadawa a hannu.

Ba ta ce a’a ba. Da wannan na fito ina murmushi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Maigidana, Abban Farida, ya kai ni bakin gulbi a moto, babur ɗin nan nashi. Ya tsaya kan tudu yana riƙe da takalmana, wai shi direba ne, ba maginin tukunya ba. Na kauce wa inda shanu ke sha, na shiga can cikin ciyawa, na kwashe ta sama na zubar, na ɗebo ta ƙasa. Baƙa wuluk, santsi kamar tuwon da aka tuƙa da kyau, ga zaren saiwoyi a ciki.

Mun dawo da buhu guda, zanena ya tashi daga aiki.

Talata, 15 ga Afrilu

Gwaggo ta kai Hasiya wajen Zulai da sassafe, fuska a rufe. An ba ta magani. Man ya tafi masai.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mako guda ina fama. Na shanya ta a kan leda ta bushe, na daka, na tankaɗe da rariya, na sake tankaɗewa. ’Yata Farida ta ce, “Mama, tuwon wa za ki yi da wannan?” Na tafasa ta a tsohuwar tukunya, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Yanzu tana cikin baho a inuwar rufewar hatsi, rumbunmu na ƙasa, na rufe da faifai.

Na shafa wa Farida kaɗan a cikin hannu, don nawa hannuwan suna cikin aiki. Babu ja, babu ƙaiƙayi. Ta ce wurin ya yi sanyi.

Kullum ina aika wa Hasiya darasin rana ta hannun Gwaggo. Tana maido da aikin daidai, ba kuskure. Wannan ne ke ci mini rai.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Zulai ta ce ƙurajen sun bushe. Hasiya ta yarda za ta zo gidana ranar Asabar bayan la’asar, in dai babu kowa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ban san ta ina zan fara ba.

Na dawo daga taron malamai da rana, na nufi baho. Faifai a ƙasa, baho an sharce shi tas. Na ɗaga kai, sai ga Baba, mahaifin Abban Farida, a kan tsani, ya naɗe hannun riga, yana shafe tsagar rufewa da lakata. Damina ta matso, kowa na yaɓe a unguwa, shi ma tun makon jiya yake cewa rufewar nan ta tsage.

Ya juyo fuska cike da fara’a. “Ɗiyata, wa ya kwaɓa wagga laka? Tun da nike yaɓe ban taɓa taɓa mai taushinta ba. Ko tsakuwa guda babu. Allah shi yi miki albarka.”

Me zan ce wa surukina? Na durƙusa na ce amin, Baba, sannu da aiki. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, ƙwalla ta cika mini ido. Mako biyu na wahala a jikin rufewa.

Ina nan sai sallamar Gwaggo Indo, Hasiya a bayanta, hijabi har kan hanci. Na fito na tarbe su. Farida ce ta tona. “Kaka ya yi yaɓe da maganin.”

Gwaggo ta dubi rufewa, ta dube ni, ta ce, “To, Madam, gero dai zai yi kyan fata bana.”

Sai na ji wani sauti daga cikin hijabi. Hasiya ce. Dariya take har ta dafa bango, hijabin ya zame, ba ta ma kula ba. A nan na fara ganin fuskar. Tabon na nan, amma wallahi bai kai yadda ta ɗauke shi ba.

Baba ya sauko daga tsani a hankali. Da aka yi mishi bayani ya daɗe yana kallon hannuwanshi. “Maganin yarinya na shafe ma bango?” Ya dubi Hasiya kai tsaye, bai kau da ido ba. “Jikata, ki yi haƙuri da tsoho. Gobe in ɗaura jaki, in cika miki amalanke.”

Na yi ƙarfin hali na ce, Baba, ba kowace laka ba ce. Ya ce shi bai san bambanci ba, sai dai a nuna mishi. Ni kuwa gobe ina da bikin suna wajen ƙanwata a Gidan Sori.

Hasiya ta ce, a hankali, “Ni na sani. Madam ta rubuto mini.”

Lahadi, 27 ga Afrilu

Sun tafi, ita da Gwaggo da Baba, a kan amalanke, ta tsakiyar gari. Ta tsakiyar gari.

Litinin, 28 ga Afrilu

Gwaggo ta ce Baba ya so ɗebo ta bakin hanya, Hasiya ta hana shi. Ta shiga har gwiwa tana yi mishi darasin ruɓewar ganye, shi kuma yana cewa “To, Malama.” Ita ta karɓi shanya da daka. Ta ce nawa tankaɗen ma bai yi laushi ba. Na ƙyale ta.

Jumma’a, 2 ga Mayu

Yaɓen Baba ya bushe ya tsattsage, yana zubowa ɓawo-ɓawo. Ya tsaya yana kallo ya ce, “Lalle wagga ba ta gini ba ce.” Ya sa an kawo jar ƙasa.

Ya kuma ce, wai kamar da wasa, ranar da ya yi yaɓen, hannuwanshi sun kwana da taushi. Ko tana yi ma gwiwa? Na ce sun ce tana yi, in da ɗumi.

Lahadi, 4 ga Mayu

Mun fara. Gwaji a hannu jiya, lafiya lau. Yau fuska. Mai ɗumi-ɗumi, siriri, na zagaye ido da baki. Ta rufe ido ta ce kamar an ɗora mata hannu. Kafin ta bushe ƙarau muka wanke da ruwa mai tsabta, muka bi da man kaɗanya kaɗan.

Ta shafa kumatunta. Sannan, “Madam, ba ya ja na.” Tun da abin ya same ta fatar ke ɗaure mata kamar ganga.

A ƙofar zaure kuma ga Baba zaune, ya miƙe ƙafafu, gwiwoyi baƙi ƙirin, yana sauraron rediyo.

Laraba, 14 ga Mayu

Sau biyu a mako. Ɓawon da ke tashi a goshinta ya daina, ƙaiƙayi ya kwanta. Tabo ya ɗan dushe. Zulai ta ce aikin maganinta ne da barin man. Na ce lakata ce. Ta ce mu raba. Ban yarda ba.

Jarrabawar gwaji ranar Litinin, 26 ga wata. Na faɗa wa Hasiya. Ta ce tana tunani.

Litinin, 19 ga Mayu

Ta zo.

Ina rubutu a allo na ji aji ya yi tsit. Na juyo, ga ta a bakin ƙofa, fuska a buɗe, da ƙaramar roba a hannu. Yaron nan na baya, wanda ya ce mata damisa, ya fara gunaguni. Kafin in buɗe baki ta wuce har gaban teburinshi ta ajiye mishi robar.

“Mudi, mene ne wannan?”

Ya leƙa ya ce laka.

“Wace iri?”

Ta ɗauki alli. Ta zana fadama, ruwa a sama, ganye a ƙasa, ta bayyana abin da ke faruwa da ganye in babu iska, da dalilin da ya sa ake tafasawa, da abin da man kanti ya yi mata. Ba ta ɓoye komai ba.  Na koma kujerarta na zauna, na bar mata ajin.

Da aka tashi, ’yan mata sun kewaye ta. Biyu daga cikinsu sun same ni a gefe suna tambaya, in mutum ya riga ya fara shafa man, yaya zai daina. Na ce gobe mu je wajen Zulai tare.

Na dawo gida ina tafe kamar ba na taka ƙasa.

Jumma’a, 30 ga Mayu

Sakamakon gwaji ya fito. Ta biyu a duk ajin, ta ɗaya a darasina. Gwaggo ta aika wa ubanta. Ya aiko da zabi biyu, ɗaya wai na tsohon da ya yi yaɓe.

Lahadi, 1 ga Yuni

Gidana ya zama abin da ya zama. ’Yan mata shida a kan tabarma, fuskoki baƙi, suna yi wa juna bitar darasi ba sa iya motsa baki sosai. Hasiya ce mai shafawa, ita ke duba wanda ke da ƙurji ta ce ya jira. Ni aikina ɗumama ruwa.

Da ta gama da su ta juyo da sauran a hannunta. “Madam, ke fa? Duk wannan bayani, ban taɓa ganin ta a fuskarki ba.”

Na ce ni fatata lafiya lau. Na ce ina da gyaran takardu. Farida ta ce, “Ƙyama take ji.” Wannan yarinya sai na yi maganin bakinta.

“Zauna ki gwada da kanki,” in ji Hasiya, da irin muryar da nake yi musu a aji.

Zafin rana ne ya sa na zauna, ba wani abu ba. Hannunta ya fi nawa sauƙi. Warin ganyen ma ba shi da laifi in an saba.

Na ce ta rage mini kaɗan a roba, ta shafawar Laraba.